Tsibirin da ke ƙera keke, da titin da ba ya ba keke wuri: muhawara kan Taiwan

Injiniya Bashir:
Assalamu alaikum. Tambayar da nake so mu tattauna a kanta ita ce: me ke sa mutanen birni su ɗauki keke a matsayin abin hawan zuwa aiki da kasuwa da makaranta, maimakon abin motsa jiki na ranar hutu? Na zaɓi Taiwan ne domin ita ce ta fi rikita mini lissafi. Tsibiri ne mai mutane kimanin miliyan 23, kuma a can ne biyu daga cikin manyan kamfanonin keke na duniya suka tashi a shekara guda, wato 1972: Giant a garin Dajia na yankin Taichung, da Merida a yankin Changhua. Giant ya fara ne da ƙera wa wasu kekuna suna manna sunansu, musamman kamfanin Schwinn na Amurka, kafin ya fito da nasa sunan a 1981. Duk wanda ya ji wannan tarihi zai zaci keke ne sarkin titi a can. Amma abin da ya cika titunan Taiwan babur ne, irin ƙaramin nan marar giyar ƙafa, kuma yawansu ya kai kimanin miliyan 14. A Taipei kanta, babban birnin ƙasar, tafiye-tafiyen da ake yi da keke ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Ra'ayina shi ne yawan keke da arharsa ba sa sa a hau shi. Abin da ke sa uwa ta bar ɗanta ya tafi makaranta a kan keke shi ne yadda aka raba titi tsakanin masu amfani da shi, kuma rabon titi magana ce ta iko, wadda ba ta canzawa sai jama'a sun tashi sun nema. Ina so waɗanda suka san ƙasar su gyara mini ko su ƙara mini haske.

Aminu:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Ni ɗalibi ne a Taipei, kuma keken haya na birnin, wanda ake kira YouBike, shi ne abin hawana na yau da kullum, saboda haka bari in faɗi yadda abin yake. An fara gwada shi a 2009 a unguwar Xinyi da tashoshi 11 da kekuna 500, kuma bai karɓu ba, domin tashoshin sun yi kaɗan, sun taru a wuri guda, ga kuma wahalar rajista. Mutum ba zai ɗauki keke ba idan babu inda zai ajiye shi a wurin da ya nufa. A 2012 hukumar birnin da kamfanin Giant suka sake lale: suka baza tashoshi a bakin tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari da jami'o'i da kasuwanni, suka sa mutum ya biya da katin EasyCard, wato katin da yake shiga jirgi da bas da shi, sannan suka mayar da minti 30 na farko kyauta. Daga nan ne abin ya kankama.

A 2020 aka fito da sabon samfuri, aka mayar da makulli da na'urar karanta kati jikin keken kansa, tana aiki da hasken rana. Amfanin wannan shi ne ba sai an haƙa ƙasa an ja wayar lantarki kafin a kafa tasha ba, don haka ana iya dasa ta a lungun da yake da ɗan fili kaɗan. Kuɗin hayar ma ya sha canji: a 2015, zamanin magajin gari Ko Wen-je, aka janye kyautar aka sa dala 5 ta Taiwan, sai a ranar 28 ga Fabrairu 2024 magajin gari Chiang Wan-an ya dawo da ita. Da safe za ka ga ma'aikaci da rigar ofis, da ɗaliba da jakarta a kwando, da tsohuwa da ganyen miya, duk a kan irin keke guda, kuma babu mai kallon wani da raini.

A nan ne na ɗan bambanta da kai, Injiniya. Babu wata zanga-zanga da ta kawo YouBike. Aiki ne na hukuma da ta zauna ta yi lissafi, da kamfanin da ya ɗauki nauyin gyaran birki da taya da kwashe kekuna a mota daga tashar da ta cika zuwa wadda ta zama wayam. Sirrinsa kuma yana jingine da jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 1996: jirgi ya ɗauke maka doguwar tafiya, keke ya ƙarasa maka ɗan abin da ya rage.

Hajiya Rabi:
Aminu, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka faɗi inda ake ɗaukar keken da inda ake ajiye shi, amma ba ka faɗi inda ake tuƙa shi ba. Wannan tsohuwa mai ganyen miya, a tsakiyar babura take bi, ko tana da hanyarta?

Aminu:
Amin, Hajiya, na gode. Tambayarki ta taɓa inda ke ciwo. Yawancinmu a gefen titi muke bi, wato wurin da aka tanadar wa masu tafiya a ƙasa, kuma a wurare da yawa doka ta yarda a yi tarayya. Ma'anar haka ita ce mai keke ya guje wa babur ya koma yana takura wa mai ƙafa.

An taɓa gwada akasin haka. A 2009, zamanin magajin gari Hau Lung-bin, aka shata wa keke layi a gefen babban titin Dunhua, amma layin ya zama wurin tsayawar tasi da bas da masu sauke kaya, masu mota suka yi ta ƙorafin cunkoso, masu keke kuma suka ƙi shiga domin babu aminci, har aka soke shi a 2012. Tun daga lokacin 'yan siyasar birnin suke tsoron taɓa rabon mota. Da Taipei ta karɓi baƙuncin taron keke na duniya da ake kira Velo-city a 2016, wanda shi ne karo na farko da aka yi shi a Asiya, sai aka bi wata dabara: aka faɗaɗa gefen wasu manyan tituna kamar Xinyi da Fuxing da Xinsheng, aka zana layin keke a kai. Ta layin Xinsheng nake zuwa Juma'a, domin babban masallacin Taipei, wanda aka buɗe a 1960, a kan titin yake, daura da lambun Daan. Layin yana da daɗin bi, sai dai a kowace mararraba yakan ɓace, mutum ya tsinci kansa tsakanin motocin da ke shan kwana.

Hanyoyin keke mafi kyau suna bakin kogunan Tamsui da Keelung da Xindian, kuma tsawonsu ya haura kilomita 100. Amma suna bayan dogayen katangun da aka gina don tare ambaliya, sai ta ƙofofi ƙalilan ake shiga, saboda haka sun fi amfani ga mai shan iska da yamma fiye da mai sammakon zuwa aiki.

Alhaji Garba:
Salamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, na tsufa a sayar da kayan keke da na babur, kuma ina so in tsaya wa mai babur, domin na lura duk lokacin da masu ilimi suka zauna maganar keke, shi ake mayarwa mai laifi. Yaro Aminu yana zaune a babban birni mai jirgi a ƙarƙashin ƙasa. To mutumin birnin Tainan da ke kudu fa, inda babu irin wannan jirgi? Ma'aikaciyar masana'anta da za ta sauke yara biyu a makaranta kafin ta kama aiki, a ƙasar da take da zafi mai ɗanɗano da ruwan sama na bazata da guguwa a kowace damina, me za ta hau? Babur ne ya ɗauki talakan Taiwan a shekarun da ƙasar take gina masana'antu ba tare da gina isasshen sufuri na jama'a ba. Wanda ya zaɓe shi bai yi wauta ba.

Mu ma mun ga irin wannan. A Kano an yi zamanin da Raleigh abin alfahari ne ga malami da ma'aikaci, daga baya babur ya ture shi, har hawan keke ya zama alamar rashin abin hannu. Da aka hana acaɓa a 2013 mutane ba su koma keke ba, a-daidaita-sahu suka koma. Kuma kafin nan, a 2001, ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran a hau keke, ya hau da kansa a Abuja, bas ta ture shi cikin kwalbati. Kiran bai yi tasiri ba, domin titin bai canza ba. Don haka na yarda da rabin maganar Injiniya, amma ina tambaya: idan za a sake rabon titi, daga rabon wa za a yanka?

Injiniya Bashir:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ban ɗauki mai babur abokin gaba ba, kuma tsarin titin Taiwan ma bai yi masa adalci ba. A manyan tituna da yawa an hana babur shiga layin ciki, an tura shi layin waje, inda bas ke tsayawa, tasi ke ɗaukar fasinja, mai mota ke buɗe ƙofa ba zato. A mararraba da yawa kuma ba a yarda ya juya hagu kai tsaye ba: sai ya fara tsallakawa, ya tsaya a wani akwati da aka zana a ƙasa, ya jira danja ta biyu. Masu babur suna da nasu ƙungiyoyin da suka daɗe suna neman a soke waɗannan ƙa'idoji. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a haɗarin hanya a Taiwan masu babur ne.

Amsar tambayarka, a ganina, ita ce daga rabon mota za a yanka, musamman motar da ke tsaye. An zana titunan ne don mota ta wuce da sauri, sauran jama'a kuma, da mai babur da mai keke da mai ƙafa, aka bar su suna rububin ragowar. Akwai wani abu a ginin biranen Taiwan da ya kamata a sani: gidajen bakin titi suna da baranda a ƙasa, bene na sama ya rufe ta, an yi ta ne domin mai tafiya ya tsira daga rana da ruwa. Amma kowane mai shago ya yi daɓen gabansa da tsayin da ya ga dama, aka kuma cika wurin da babura da tebura da kayan sayarwa, har mai tura keken guragu ko keken jariri ya zama dole ya sauka kan kwalta.

Malama Hadiza:
Ina ganin a nan ne maganar Aminu da ta Injiniya suka haɗu. Hukuma ta iya kawo keken haya ba tare da an matsa mata ba, domin bai ƙwace wa kowa komai ba. Abin da ya shafi ƙwace fili daga mota kuwa bai motsa ba sai da jama'a suka fito.

Mutane kimanin 3,000 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a Taiwan, kusan 400 daga cikinsu masu tafiya a ƙasa, kuma an daɗe ana ganin haka kamar ba komai. A Disamba 2022 tashar CNN ta wallafa rahoton da ya kwatanta titunan ƙasar da jahannama ga mai ƙafa, abin ya yi wa mutane zafi ƙwarai, domin ƙasa ce mai kishin sunanta a idon duniya. A cikin watan nan ne bas ta take wata mata da jaririnta suna tsallaka titi a Taichung. A Mayu 2023 kuma, a Tainan, wata mota mai juyawa hagu ta kashe yarinya 'yar shekara 3 da ke tsallakawa tare da mahaifiyarta a wurin da doka ta ba su hanya. Mutuwar yarinyar nan ce ta haɗa kan mutanen da suke ta magana a warwatse a intanet, suka kafa ƙungiyar da ke neman kawo ƙarshen mutuwar masu tafiya a ƙasa, bisa tunanin da ya samo asali daga Suwidin a 1997, cewa ɗan Adam zai yi kuskure ko ta yaya, saboda haka a gina titi yadda kuskurensa ba zai zama ajalin wani ba.

A ranar 20 ga Agusta 2023 dubban mutane suka taru cikin ruwan sama a titin Ketagalan, gaban fadar shugaban ƙasa, da taken a mayar wa jama'a hanya. Sun nemi a gina wa mai ƙafa hanya ta gaske, a gyara yadda ake koyar da tuƙi da ba da lasisi, a kuma sake dokokin hanya. Zaɓen shugaban ƙasa na Janairu 2024 yana tafe, don haka manyan masu neman kujerar, ciki har da Lai Ching-te da Hou Yu-ih da Ko Wen-je, duk suka halarta, ministan sufuri kuma ya nemi gafarar jama'a. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta zartar da babbar doka kan kiyaye haɗarin hanya, a 2024 kuma ta ƙara wata kan gina hanyoyin masu tafiya a ƙasa. Ku lura cewa da sunan mai ƙafa aka yi gangamin, domin kowa mai ƙafa ne, har da direba idan ya sauka daga motarsa. Mai keke zai amfana ne a bayan wannan.

Hajiya Rabi:
Malama Hadiza ta faɗi abin da ya faru, ni kuma ina so in ƙara abin da ya sa ya yiwu, domin na koyar da tarihi, kuma na san jama'a ba sa wayar gari su iya irin wannan taro. Taiwan ta yi shekara 38 a ƙarƙashin dokar soja, daga 1949 zuwa 1987, lokacin da taruwa don sukar gwamnati ke iya kai mutum kurkuku. Abin lura shi ne, daga cikin abubuwan da suka fara fasa wannan tsoro akwai matsalolin rayuwar yau da kullum. A 1986 mutanen garin Lukang suka tashi suka ƙi amincewa kamfanin DuPont ya gina masana'antar sinadarai kusa da su, don tsoron ta gurɓata ruwan da masunta ke ci da shi, kamfanin kuma ya janye a 1987. A ranar 26 ga Agusta 1989 dubban mutanen da tsadar gidaje ta fi ƙarfinsu suka shimfiɗa tabarmi suka kwana a kan titin Zhongxiao, a yankin da fili ya fi tsada a Taipei. A Maris 1990 ɗalibai suka yi zaman dirshan suna neman sabuwar majalisa, shugaba Lee Teng-hui ya gana da su, kuma a 1996 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na kai tsaye karo na farko. A 2014 ɗalibai suka mamaye zauren majalisa daga 18 ga Maris zuwa 10 ga Afrilu a kan yarjejeniyar kasuwanci da Sin.

Iyayen da suka fito a 2023 da 'ya'yansu a hannu sun girma ne suna ganin haka. Sun san yadda ake neman izinin taro, da yadda ake tara kuɗi daga jama'a, da yadda ake rubuta buƙatu a fili yadda ɗan siyasa ba zai samu hanyar zillewa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sun daina kallon mutuwar hanya a matsayin tsautsayi kawai. Mun yi imani da ƙaddara, amma imani da ita bai taɓa ɗauke wa mai zana mararraba alhakin aikinsa ba.

Alhaji Garba:
Hajiya, maganarki gaskiya ce. Sai dai ina da tsoro guda. Idan gwamnati ta ji matsi, abu mafi sauƙi a gare ta shi ne ta ƙara tara, domin tara ba ta buƙatar siminti. Wanda kuma ke biyan tarar shi ne direban tasi da mai kai saƙo, waɗanda abincinsu yake kan titi.

Malama Hadiza:
Abin da kake tsoro ya faru, Alhaji. A tsakiyar 2023 aka ɗaga tarar direban da bai tsaya wa mai tsallaka titi ba zuwa dala 6,000 ta Taiwan, aka tsaurara tsarin rubuta wa direba maki na laifi, aka kuma faɗaɗa damar da jama'a ke da ita ta ɗaukar hoton mai karya doka su aika wa 'yan sanda. Direbobin haya suka ce ana hukunta su a kan tsayawa a wuraren da aka hana, alhali ba a tanadar musu wurin sauke fasinja ko kaya ba, suka yi tasu zanga-zangar, kuma a 2024 aka sassauta wani ɓangare na dokar. Masu kare haƙƙin mai ƙafa suka fusata, suka ce gwamnati ta ja da baya. Ni ina ganin ɓangarorin biyu suna nuna rami guda ne: an gaggauta hukunci, an jinkirta gini. Masu gangamin tun farko gini suka sa a gaba cikin buƙatunsu.

Aminu:
Akwai wani ɓangare da ban so a bari a baya, wato matsayin keke a zuciyar mutane. A nan akwai al'adar zagaya tsibirin gaba ɗaya a kan keke, kuma matasa da yawa suna ɗaukar ta a matsayin abin da ya kamata mutum ya yi sau ɗaya a rayuwarsa. Ta bazu sosai bayan 2007, shekarar da King Liu, wanda ya kafa Giant, ya yi zagayen yana da shekara 73, ya ci kilomita 927 cikin kwana 15. A ƙarshen 2015 gwamnati ta buɗe hanya mai alamomi da ta zagaye tsibirin, tsawonta kusan kilomita 970. A kan hanya ofisoshin 'yan sanda da yawa sun zama zango ga masu keke, suna ba da ruwan sha da famfon taya. Wannan karamci yana da tushe: kowace shekara dubban mabiya addinin gargajiya na can suna tattaki na kwana 9 daga wurin bautarsu a Dajia, garin da Giant ya tashi, zuwa Xingang su dawo, mutanen ƙauyuka kuma suna fitowa bakin hanya suna raba abinci kyauta. Mai keke ya gaji wannan tarba. Idan attajiri ɗan shekara 73 ya hau keke aka yaba masa, to raini irin wanda Alhaji ya ambata ba zai samu wurin zama ba.

Injiniya Bashir:
Na yarda cewa cire raini babban abu ne, Aminu, amma ina tsoron mu haɗa abubuwa biyu. Magajin gari Ko Wen-je ya tuƙa keke daga Taipei zuwa birnin Kaohsiung da ke kudancin tsibirin a farkon 2016, aka yi ta yayatawa, duk da haka layin Xinsheng ɗinka yana ɓacewa a mararraba. Mai zagaya tsibiri jarumi ne na mako biyu, yana da hular kwano da keke mai tsada da lafiyar jiki. Ma'aunina shi ne yaro ɗan shekara 10 da dattijuwa 'yar shekara 70. Har ma ina ganin shaharar keken nishaɗi ta ba hukumomi damar kashe kuɗi a bakin kogi da gefen tafki, inda babu wanda zai yi musu gardama, su ce sun yi wa keke aiki.

Malama Hadiza:
Tun da an ambaci King Liu da Giant, wajibi ne a ambaci hannuwan da ke ƙera kekunan. Taiwan tana da ma'aikata 'yan ci-rani sama da 700,000, mafi yawansu daga Indonesiya da Biyetnam da Filifin da Tailan. Da yawa suna shigowa ta hannun dillalai da bashin kuɗin ɗaukar aiki a wuyansu, kuma doka ba ta ba su damar canza ubangida yadda suka so ba. Ƙungiyar TIWA mai kare haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani, wadda aka kafa a 1999, tana cikin masu neman a kawar da wannan tsari na dillalai. A Satumba 2025 hukumar kwastan ta Amurka ta ba da umarnin a tsare kekuna da kayan keke da Giant ya ƙera a Taiwan, bisa zargin alamun aikin tilas, ciki har da ɗaure ma'aikaci da bashi. Kamfanin ya ƙalubalanci matakin, ya ce tun Janairu 2025 shi yake ɗaukar nauyin kuɗin ɗaukar sababbin ma'aikata.

Su waɗannan mutane kuma suna cikin waɗanda suka fi dogara da ƙafa biyu da taya biyu. A garuruwan masana'antu ƙaramin keken lantarki ne abin hawansu, wanda tun ƙarshen 2022 aka wajabta masa lamba da inshora. Matan Indonesiya masu jinyar tsofaffi, 'yan'uwanmu Musulmi da ke cika babbar tashar jirgin Taipei ranar Sallah, su ne ke tura keken guragu a kan kwalta saboda barandar da Injiniya ya kwatanta. A ƙasar da kusan kashi 20 cikin 100 na mutanenta sun haura shekara 65, su suka fi kowa sanin inda hanya ta karye, amma ba su da ƙuri'a, kuma babu ɗan takarar da zai tsaya cikin ruwa domin ya saurare su.

Alhaji Garba:
Wannan ya taɓa ni, Malama, domin mu 'yan kasuwa farashi muke tambaya, ba ma tambayar wanda ya yi zufa. Na san kayan Taiwan da inganci tun ina saurayi a kasuwa, kuma ingancin bai kamata ya tsaya a ƙarfe ba. Amma ina nan kan bakana a abu guda. Kun ce a share baranda, a cire motar da ke tsaye, a faɗaɗa gefen titi. Babura miliyan 14 dole su kwana a wani wuri, mai shago kuma dole a sauke masa kaya. Wane ne ke yanke hukunci a kan lungu guda, wanda ya san mazaunansa?

Aminu:
Akwai mai wannan aiki, Alhaji. Kowace ƙaramar unguwa a Taiwan tana da mai unguwa da jama'a ke zaɓa duk shekara 4, kuma da wuya hukumar birni ta taɓa lungu ba tare da ta zauna da shi ba. A 2015 Taipei ta fara wani shiri na gyaran lunguna unguwa bayan unguwa: a zana koren layi a gefe guda don mai ƙafa, a ja jan layi inda aka hana tsayawa don motar kashe gobara ta samu wucewa, a kuma zana wa babura akwatunan ajiya a kan kwalta domin a fitar da su daga baranda. Kowane layi sai an yi ciniki a kansa, domin akwatin babur guda ko tashar keken haya guda na nufin wani ya rasa inda yake ajiye motarsa shekara da shekaru, kuma wannan mutumin yana da ƙuri'a a zaɓen mai unguwa. Shi ya sa za ka ga unguwa ta gyaru, ta kusa da ita kuma tana nan yadda take.

Masu gangamin 2023 suna sukar koren layin, suna cewa fenti ba ya tare mota, suna neman a ɗaga daɓe a sa shinge. Wasunsu sun fara halartar zaman unguwa da taswira da hotunan mararraba a hannu, suna nuna wa jami'ai inda za a matse kwana domin direba ya rage gudu.

Injiniya Bashir:
A kan fenti ina tare da su, amma ba gaba ɗaya ba. A lungun da faɗinsa bai wuce mita 6 ba, idan aka ɗaga daɓe a gefe guda, motar shara da ta kashe gobara za su sha wahala, ruwan sama kuma zai nemi sabuwar magudana. A irin wannan wuri abin da ya fi aiki shi ne a hana motar da ba ta da hulɗa da lungun ratsawa ta ciki, a kuma rage gudu zuwa kilomita 30 a sa'a ko ƙasa da haka, sai mai ƙafa da mai keke da mai babur su yi tarayya a kwalta ɗaya. Ɗaga daɓe da shinge na manyan tituna ne irin su Dunhua, kuma a can ne har yanzu ba a sake gwada ƙwace layi guda daga mota a ba keke yadda ya kamata ba. Aminu, idan ka samu hali ka auna mana faɗin lungun da kake zaune, ka kuma duba ko motocin da ke tsaye a ciki na mazauna ne ko na masu zuwa aiki daga wani wuri, domin maganin kowanne daban yake.